Mu Kawo Daji Cikin Gida

Jawabin da ma'aikatan sashen raya karkara suka gabatar a taron dattawa, zumuntar mata da matasa na ikkilisiyoyin ƙauye daga yankin Anka, Gummi da Bukkuyum, gab da faɗuwar damina.

Mun san yadda tafiya take a wannan zamani, mun kuma san akwai waɗanda suka kwana a Daki Takwas ko Nasarawar Burkullu don kada dare ya same su bisa babur. Allah da ya kawo ku lafiya ya mai da ku gidajenku lafiya.

Bari mu fara da tambaya, iyayenmu mata ne kuwa za su amsa. Yaushe rabonku da shiga daji tsintar kaɗe, tun da asuba, ku da 'ya'yanku, ba tare da gabanku yana faɗuwa ba? Yaushe rabon yaranmu su dawo gida baki ya yi baƙi da ɗinya, aljihu cike da kanya? Mun ga waɗansu suna girgiza kai. Tun wajen 2011 da fitinar 'yan bindiga ta fara ƙarfi a Zamfara, dajin da ya ciyar da kakanninmu ya zama wurin da ake tsoro. Waɗanda suka ga abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a watan Janairu 2022 ba su bukatar mu yi musu bayani. Gonakin nesa an bar su. Ɗorawar da ke can tana zubar da 'ya'ya ba mai ɗauka. Ta kusa da gari kuwa, da kirya da marke, gatari ya same su, gama tun da kananzir da gas suka yi tsada buhun gawayi ya zama kuɗi a hannu.

Saboda haka asara biyu muke yi lokaci ɗaya. Dajin nesa ya rufe mana, na kusa kuma yana ƙarewa. Maganar da muka kawo muku yau guda ɗaya ce: abin da muke zuwa nema a daji, mu rene shi a tsakar gida, a harabar majami'a, a makabarta, da gonar bayan gida. Ba mu ce zai maye gurbin zaman lafiya ba. Muna addu'a Ubangiji ya dawo mana da ita. Amma itace ba ya jiran a gama yaƙi kafin ya girma, kuma shekarun da muke zaune muna jira su ne shekarun da yake bukata.

Kafin mu ba ku shawara, ya kamata mu faɗi laifinmu. Shekarun baya mun zo waɗansu ƙauyukanku da mota cike da dashe a cikin baƙar leda, yawanci dogon yaro da turare. Aka yi addu'a, aka ɗauki hoto, kowa ya karɓi nasa. Da muka koma bayan rani, waɗanda suka rayu ana ƙirga su da yatsun hannu. Awaki sun ci waɗansu, gara ta ci waɗansu, sauran ƙishi ya kashe su. A wani ƙauye wani dattijo ya kama hannun ɗayanmu ya kai shi bayan majami'a, ya nuna masa wani kututturen kalgo da ake sara kowace shekara lokacin share fili, ga shi kuma ya sake tohowa kore shar a tsakiyar watan Maris. Ya ce, naku da kuka kawo ana ba shi ruwa yana mutuwa, wannan ana sare shi yana tashi, wanne ne ɗan gida? Ba mu da amsa ran nan. Amsar ce muka kawo yau.

Kada a ce mun zagi dogon yaro, wanda waɗansunku ke kira bedi. Yana da inuwa, akuya ba ta cika damunsa ba, ya kuma rufa wa garuruwa da yawa asiri. Amma baƙo ne daga ƙasar Indiya, a zamanin Turawa aka kawo shi. Turare daga Ostareliya ya fito, shan ruwansa kuwa ya sa bai dace kusa da rijiya ko fadama ba. Ku duba ƙarƙashinsu, ƙasa ce tsirara. Ba a kaɗa miya da su, ba a yin daddawa da su, yaro ba ya cika cikinsa da 'ya'yansu ranar da tuwo ya yi nisa. Garin da duk itatuwansa dogon yaro ne ya sami inuwa, amma ya rasa kasuwa da rumbu da kantin magani da Allah ya dasa masa kyauta.

Abin da dattijon nan ya nuna mana, mutanen Maraɗi sun daɗe da mai da shi sana'a. A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM, mishan ɗin da ikkilisiyar ECWA ta fito daga cikinta, mai suna Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya gaji da dasa itatuwa suna mutuwa kamar yadda namu suka mutu. Wata rana ya tsaya a hanya yana rage iskar tayar motarsa don ya wuce rairayi, sai ya lura da ƙananan kurmi da ke warwatse a gonaki. Da ya duba ganyensu da kyau sai ya gane ba ciyawa ba ce, itatuwa ne da aka sare, saiwarsu tana raye a ƙasa, kowace shekara suna ƙoƙarin tashi ana sake sare su. Lokacin yunwar 1984 aka haɗa rabon abinci da sharaɗin manomi ya bar waɗannan tohon a gonarsa. Da aka daina rabon, da yawa sun sare nasu. Amma waɗanda suka bari suka ga amfanin, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Mutanen can suna kiran abin sassabin zamani. Bayan shekara 20 da 'yan kai, masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na baya suka ƙiyasta cewa ya kai hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, itatuwa kimanin miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo wata babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin, tare da wani manomi na Burkina Faso, Yacouba Sawadogo, wanda ya mai da fako daji da ramukan taki.

Ku riƙe wannan: ruwan da ke sauka a Maraɗi bai kai namu ba. In ya yiwu a can, ba mu da hujja a bakin gulbin Zamfara da gulbin Ka.

Yadda ake yi ba wuya, ba ya cin ko kwabo. Lokacin sassabe, in ka zo kan kututture mai toho, kada ka share shi duka. Ka zaɓi rassa uku zuwa biyar waɗanda suka fi ƙarfi da miƙewa, ka cire sauran. Wuƙa ko adda ta zama mai kaifi, ka yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Waɗanda ka bari, ka rage musu ƙananan rassan gefe har zuwa rabin tsayinsu, ka ɗaura tsumma a jiki don mai neman itacen wuta ya san da mai shi. Bayan wata uku ko huɗu ka koma ka sake gyarawa. Saiwar ta riga ta yi zurfi tun zamanin kakanka, saboda haka cikin shekara biyu ko uku za ka ga abin da dashen leda ba zai yi a shekara biyar ba. Abin da ka yanke kuma shi ne itacen girkin gida, uwargida ba ta je ko'ina ba. Kalgo, sabara, geza, marke, magarya, taura, duk suna amsa wannan aiki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yanzu mu shiga tsakar gida da harabar majami'a, inda inuwa ce abin nema na farko. Hausawa sun riga sun tantance mana. Sun ce inuwar giginya na nesa ka sha ta, inuwar bagaruwa kuma ga sanyi ga ƙaya. Mai son inda za a shimfiɗa tabarma, ko inda 'yan makarantar Lahadi za su zauna ranar da kwanon majami'a ya ɗauki zafi, sai ya nemi dangin ɓaure: ceɗiya, durumi, gamji, da ɓauren kansa. Ceɗiya da durumi ba su bukatar iri. A sari reshe mai kauri kamar damtse, tsayin mutum, a kafa shi a rami da farkon damina, a danne ƙasa sosai. Tsayinsa ya sa akuya ba ta kai ga sabon ganye. Sai dai a nisanta su da bango da rijiya da masai, aƙalla taku 20, gama saiwarsu ba ta da kunya. Masana itatuwa sun ce itacen da Zakka ya hau don ya ga Yesu, a Luka sura 19, irin ɓauren nan namu ne. Ikkilisiyar da ta dasa shi ta sami abin koyar da yara da ido, ba da baki kaɗai ba. Ba kuma itacen da ke tara tsuntsaye kamarsa, domin dangin ɓaure sukan yi 'ya'ya a lokacin da sauran itatuwa ba su da kome.

Tsamiya ita ce sarauniyar inuwa, ba ta rabuwa da ganye sai kaɗan, ga kunu ga miya. Kanya ma haka, inuwarta duhu ce, tana son gindin suri da wuri mai ɗan laima. Ɗinya tana son kusa da fadama. 'Ya'yanta na yara ne da masu maɗi, ɗinkinta kuma kwaɗo ne a lokacin da ba ganye. Dukansu masu jinkiri ne, ba za mu ɓoye muku ba. Tsamiyar da aka shuka daga ƙwallo takan kusa shekara 10 kafin ta yi 'ya'ya. Kaɗanya takan kai 15 zuwa 20. Wanda ya kai shekara 60 a cikinmu yana iya cewa me ya dame ni. Baba, ɗorawar da ka ci daddawarta jiya, wa ya bar maka ita?

Mun san abin da ke hana waɗansu barin tsamiya ko kuka a gida, ko da ba a faɗa a gaban fasto. Ana cewa gidan iskoki ne. A wani wuri an sare tsohuwar tsamiya bayan wa'azin farkawa, aka ce an rushe bagadin Shaiɗan. Mu dai ga abin da muka gaskata: in ana yanka kaza a gindin itace, abin da za a bari shi ne yankan, ba itacen ba. Littafin Farawa ya nuna Allah ne ya yi itatuwa ya ga suna da kyau, ya sa mutum a gona domin ya nome ta ya kuma kiyaye ta. A Maimaitawar Shari'a sura 20 ma, an hana mayaƙan da suka kewaye birni su sare itatuwa masu ba da abinci. In an hana soja a fagen yaƙi, ina ga mai bi a ƙofar gidansa? Wanda ke cikin Almasihu ba ya tsoron tsamiya.

Kuka tana da wata dabara da mutanen Mali suka nuna. Ba dole a jira ta zama ƙatuwa ba. A jiƙa ƙwallon a ruwan zafi ya kwana, ko a ɗan goge bayansa a dutse, a shuka kusa da kusa a fage kamar alayyafo, a ba shi ruwan wanke-wanke. Cikin 'yan watanni ana tsinkar ɗanyen ganye. In an riƙa datse kanta ba za ta wuce ƙugu ba. Wannan aikin zumuntar mata ne, kuma ya dace da 'yan'uwanmu da suka gudo cikin garin Anka ko Gummi suna zaune a filin aro, inda mai fili ba zai yarda a dasa babban itace ba. Amma ko fage ne, a nemi izininsa tukuna.

Kalwar ɗorawa ma sai an jiƙa ta a ruwan zafi kafin shuka. Ga shi yanzu ne lokacinta, kada a dafa duka a yi daddawa, a ware hannu ɗaya daga uwar da ta fi 'ya'ya. Kaɗe kuwa halinsa dabam ne, a nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Ba ya jure ajiya. In ya bushe ya mutu. A shuka shi ɗanye cikin mako guda da faɗuwarsa, a inda ake so ya zauna har abada, domin ba ya son a cire shi. Zai fara tura saiwa ƙasa, ya daɗe bai nuna kai ba, har ka ce ya ruɓe. Ka kafa turke a wurin don kada garma ta bi ta kansa. Abin da iyayenmu mata ke tsinta a ƙasa ba ƙaramin abu ba ne. A watan Agusta 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen kaɗe zuwa waje na wata 6 don a riƙa sarrafa shi a gida. Duniya na nemansa, mu muna mai da uwarsa gawayi da turmi.

Daji ba dogayen itatuwa kaɗai ba ne, hawa-hawa yake. Ƙarƙashin manya akwai matsakaita, ƙarƙashinsu akwai masu yaɗo da ganyaye. Haka za mu shirya gida. A gefen inuwa, inda rana ke leƙowa da safe, gwandar daji da tsada da dargaza suna zama lafiya. Yaɗiya a bar ta ta hau darni, tana kore har tsakiyar rani. Tafasa da lalo da gasaya, waɗanda muke nomewa muna kira ciyawa sa'an nan mu saya a kasuwa, a bar musu kusurwa guda su zubar da iri. Shinge kuma, maimakon kara da ake sabuntawa kowace shekara, a kafa rassan dashi ko hano su kama su zama shinge mai rai, a sa magarya a bayansu. Magarya tana karɓar aure kamar mangwaro, in an ɗaura mata reshen irin Indiya sai ta yi 'ya'ya manya. A Nijar an daɗe ana yi. Masu ƙorafin cewa gero ba ya yi a gindin ɗorawa, gaskiyarku. Amma gwajin da aka yi a Burkina Faso ya nuna gwaza da barkono sun fi gero jure wannan inuwa. Sai a canja abin shuka, a bar itacen. Gawo kuwa ba ya bukatar lauya: yana zubar da ganye da damina, hatsi ya sha rana ya ci takin, da rani ya yi inuwa ya ba dabbobi 'ya'ya.

To, ga inda muka san za a yi gardama. In ka tara itatuwa, ka tara masu rai. Waɗansu za su ce wa ya gayyace su.

Mu ɗauki jemage. Ba wanda ke sonsa, ga kuka ga kashi. Amma ku tsaya gindin ɗorawa da magariba lokacin da ta fid da jajayen tuntunta, ku ga wa ke zuwa. Jemage ne ke shan ruwan furen, yana ɗaukar garin wannan yana kai wa wancan, da haka take ɗaukar 'ya'ya. Furen kuka ma da dare yake buɗewa domin shi. Garin da ya kore jemage ya rage wa kansa daddawa bai sani ba. Ba mu ce a taɓa shi ko a ci abin da ya gatsa ba, a hana yara wannan, a wanke abin da aka tsinta. Kaɗanya kuma ƙudan zuma take jira. Wani bincike da aka yi a kudancin Burkina Faso, aka buga a 2020, ya gano cewa kaɗanyar da ke kewaye da itatuwa da kurmi iri-iri ta fi samun wannan hidima bisa wadda ta tsaya ita kaɗai a gona. Dalili a fili yake: kaɗanya 'yan makonni take fure, sauran watanni me zuma za ta ci in an share sabara da geza da kalgo? Wanda ya rataya amya a ɗorawarsa ya ci riba biyu. Mai feshi kuma ya ji tsoron Allah, kada ya fesa maganin ƙwari lokacin da itace ko wake ke cikin fure da rana tsaka.

Shamuwa tana gab da isowa, in ba ta riga ta iso waɗansu wurare ba. Kakanninmu ba su taɓa ta, suna murna ta yi sheƙa a itacen gari. Fara da tsutsa take ci. Cilakowa, balbela, hawainiya, ƙadangare, bushiya, duk ma'aikata ne a gonarka waɗanda ba su tambayar kuɗin ƙwadago. Mujiya da ake jifa ana cewa tana kiran mutuwa, ɓera take kama maka a bakin rumbu cikin dare. Kuma yaushe rabonku da ganin ungulu a mahauta? Tun 2015 aka sa irin wadda muka saba gani cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya. Masu neman kanta don tsafi da masu sa guba sun ci mata, dogayen itatuwan da take sheƙa a kai kuma sun faɗi. Mushen da take kwashewa yanzu karnuka da ƙudaje ke gado.

Abin da za a yi musu kaɗan ne. A ajiye kasko ko fasasshiyar tukunya da ruwa a inuwa lokacin bazara, a jefa 'yan duwatsu ciki don zuma ta sami wurin tsayawa, a zubar a sake kowane kwana biyu saboda sauro. Ganyen da ya zuba kada a ƙone, a tara shi a gindin itacen. Malaman makarantar Lahadi, ku yi magana da yara a kan danƙo. Matasa kuma, cinna wa fili wuta saboda gafiya ɗaya ya kashe ƙananan itatuwa fiye da yadda gatari ya kashe manya.

Maciji fa? Tambaya ce ta gaskiya, mun binne mutane saboda shi. Maciji abinci da maɓoya yake bi. Kurmi da tarin ganye su kasance can gefen shinge, nesa da ɗakunan kwana. Hanyar masai da ta rijiya a share su fes. Tarin itace da kara kada su jingina da bango. Wata tambayar ta fi wannan nauyi, an kuma yi mana ita a fili: itatuwa ba za su ba mugaye wurin laɓewa ba? Ba za mu raina wannan tsoro ba. Shi ya sa muka ce cikin gida, harabar majami'a da gonar kusa, ba mu ce a bar duhuwa a bakin gari ba. Itacen da aka gyara aka ɗage rassansa sama, kana hango mutum ta ƙarƙashinsa daga nesa. Kututturen da aka bari ya yi cunkus shi ne maɓoya. Sassabin zamani yana buɗe ido ne, ba ya rufewa. Duk da haka kowane ƙauye ya zauna da mai gari a yanke inda za a bari da inda za a share.

Akwai gargaɗi na musamman ga mutanen Anka da Bukkuyum. Ba mu manta 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyuka irin su Dareta, Abare, Yargalma da Bagega, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta zo. An kwashe ƙasar gidaje da yawa an zuba sabuwa, Bagega sai a 2013. Dalma ba ta ruɓewa, ba ta ƙonewa, itace kuma ba ya cire ta. Duk inda aka taɓa niƙa ko wanke dutse, kada a yi fagen kuka ko na ganye a wurin, kada a ɗebi ƙasarsa ko ruwan kududdufinsa don reno. In ana shakka, a kawo ƙasa daga gona mai nisa a cika tsohon buhu ko kwando a shuka a ciki, a wanke ganye sosai kafin a dafa.

Mutanen Gummi kuma, bayan ambaliyar Agusta 2024, kun ga inda gaɓa ta zabge da inda ta tsaya. Ba mu ce itace zai tare gulbi ba. Amma gaɓar da ke da ɓaure da kanya da gamba ba ta tafiya da sauƙi kamar wadda aka nome har bakin ruwa.

Itacen da ke gona ba ya tsira in maƙwabci bai yarda ba. A Maraɗi ma abin bai zauna ba sai da ƙauyuka suka kafa doka tsakaninsu, manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne. Mu a nan 'yan kaɗan ne, ba za mu iya mu kaɗai ba, bai ma kamata ba. Maƙwabtanmu Musulmi suna ɗaukar dasa itace sadaka ce mai gudana, saboda haka ba baƙuwar magana za ku kai musu ba. Dattawa su je wurin mai gari da liman, a sanar da malamin daji. Makiyayan da muke zaune lafiya da su a yi magana da su a kan sassaƙar gawo da kawo da maɗobiya, a rage reshe ba a kwantar da uwa ba. Maɗobiya ma tun 2016 aka sa ta ƙarƙashin dokar duniya ta cinikin itatuwa, saboda yadda aka yi ta lodinta zuwa ƙasar Sin.

Ga abin da muke roƙo kafin taro na gaba. Kowace ikkilisiya ta zaga filinta da makabartarta a wannan mako, kafin matasa su shiga da adda, a ƙirga kututturan da ke da rai a ɗaura musu tsumma. Tsofaffi su bi yara suna faɗa musu sunan kowane itace da amfaninsa, sakatare ya rubuta a bayan littafin ikkilisiya, har da waɗanda a da akwai yanzu babu. Zumuntar mata ta ware kalwa yanzu, kaɗe kuma in ya fara faɗuwa. Rassan ceɗiya da durumi a jira ruwa ya zauna tukuna, a kuma tanadi ƙayar kewaye tun kafin a kafa, gama akuya ba ta san Lahadi ba. Mu ba za mu zo da mota cike da leda ba wannan karon. Za mu zo da wuƙaƙen aure guda kaɗan, mu kwana biyu a duk inda hanya ta yarda, mu koya wa mutum biyu a kowace ikkilisiya yadda ake ɗaura magarya. Ku zaɓo su, mace ɗaya namiji ɗaya, ku ba sakataren gunduma sunayensu kafin ku tashi yau.

Baba Fasto, sai ka rufe mana da addu'a.